Sakata Ɗaya a Lilon Taubashina

Malam Edita, bayan gaisuwa, ga labarina. In rubutun ya karkace ka miƙe shi, don karatuna bai yi nisa ba, amma kada ka rage mini magana.

A shekarun nan na gab da samun mulkin kai, ni tela ne a Tudun Wadan Zariya, sabon magidanci, da kekena na ƙafa a wata rumfa kusa da kasuwa. Na shiga elementare amma ban gama ba, kuma ba bulalar malam ce ta kore ni ba, benci ne. Yara uku ake zaunarwa a kowane benci, ni kuwa in na zauna sai na ukun ya koma ƙasa, kullum da wannan ake buɗe dariyar safe, har na gaji na daina zuwa. Allah ne ya yi ni da jiki tun ina goye. Ba ci ba ne, matata da tana raye da ta ba da shaida, wanda ya ninka ni ci yana nan kamar tsinken tsire. Amma wa zai tsaya ya saurari wannan? A unguwa Randa ake kirana. In na je shiga mota yaron mota ya ce wurin mutum biyu zan biya. In na je ɗaurin aure a janye mini kujera a ce tabarma ta fi lafiya. Mutum mai jiki ba shi da izinin yin fushi, in ya yi ma wani abin dariyar ne. Haka na taso ina dariya da baki, cikina kuwa kamar an zuba garwashi.

Duk cikin masu tsokanata akwai mutum ɗaya da tasa ba ta yi mini ciwo, shi ne taubashina, ɗan kawuna, kafinta ne a hanyar Gyallesu, siriri kamar sillen kara. Shi da hakkinsa yake yi, ni ma ina ramawa. Kowannenmu cewa yake ɗan'uwansa bawansa ne. Yakan zo rumfata da igiyar awo ya ce an aiko shi ya faɗaɗa ƙofa, ni kuma in ce wa maƙwabta su riƙe shi kada iskar kekena ta kwashe shi, ko in ce da ragowar ƙyallen hulata zan ɗinka masa wando har a samu canji. Ranar da matata ta haihu, barkar da ya yi mini ita ce Allah ya sa jaririyar ba ta ɗauko ni ba, don ungozoma ba ta da mataimaki. Wata rana ya same ni a masallaci da fuska a murtuke ya ce gobara ta kama rumfata. Na kwasa da gudu, kasuwa duk ta fito kallon Randa yana gudu, na iske kekena lafiya lau. Ku riƙe wannan, don zai dawo. Tun muna yara har muka yi gemu ba na tuna ranar da ni da shi muka yi magana miƙaƙƙiya wadda babu wasa a ciki. Ba mu da wani harshe sai wannan.

Addu'arsa kuwa ta karɓu, yarinyar ba ta ɗauko ni ba. 'Yar firit ce, uwarta sak, ga kunya ga rashin magana. Ita kaɗai ce a duniya ban taɓa ganin ta dubi jikina ta ga abin dariya ba. A kan tumbina take barci da rana in ina hutawa.

To taubashin nan nawa ya je aiki Kaduna ya ga wani lilo, ya dawo ya ƙera irinsa. Ba na igiya da ake ɗaura wa reshe ba. Wannan kamar ƙafar keken hawa yake, amma ya fi soro tsayi, an kafa shi tsakanin manyan gungume biyu, da akwatunan katako huɗu suna reto a jikinsa. Samari majiya ƙarfi ke turawa da hannu, akwati ya yi sama ya zagayo ya dawo ƙasa. Kowane akwati na da benci na mutum biyu, da wani katako da ake saukarwa a kan cinyoyinsu a soke shi da fegi. Sakata yake kiran katakon, don kamar ta ƙofa take. Ya huda ramuka a jere, in yara ne a matso da ita ciki, in manya ne a ja ta waje. Amma sakata ɗaya ce ga mutum biyu, shi ya sa ya kafa doka, sa'a da sa'a. Sai ya jera yara ya dinga haɗa su biyu-biyu gwargwadon jiki, kamar mai haɗa kaji a kasuwa. Mutane suna cewa iyayi ne kawai, kafinta ya samu sarauta.

Washegarin ƙaramar Salla ne, bayan la'asar. Duk azumi na yi shi a kan keke ina wa mutane ɗinki, sai ranar na samu kaina. Na sa farar babbar rigata da ta sha sitaci. Yarinyar kuwa, a lokacin ta fara famfara, na ɗinka mata riga da zane daga wani siliki da ya rage mini, mai santsi kamar cikin kuɓewa. Ni na zaɓa, ni na ɗinka. Na riƙe hannunta muka tafi filin da aka kafa lilon, mutane maƙil, 'yan mata da tallan alewa da ƙosai, ga wani mai kalangu yana neman na goro. Ta tsaya ta ɗaga kai tana kallo, idonta kamar zai faɗo. Na tambaye ta ko tana so, ta ɗaga kai. Na ce to ta shiga layi. Ta maƙale rigata ta ce ita sai da Baba.

Wallahi ban zo da niyyar hawa ba. Ina cikin lallashinta taubashina ya hango ni. Ya ɗaga murya ya ce a ba da hanya, ga rumbu ya yi ƙafa ya zo yawon Salla. Ya tambaye ni ko inuwa na zo yi wa yara, don in hawa ne sai dai a aika reluwe a aro abin ɗaga kaya. Fili ya ɗauki dariya. Na ce lilon da bawana ya ƙera ai nawa ne, kuma yau zan gwada in ga ko aikin kirki ya yi ko ƙusoshin mutane ya cinye. Mai kalangu ya ji an samu abinci, ya matso ya kama kiɗa da sunan Randa. Daga nan kuma babu komawa. Na ɗauki yarinyar na sa ta a akwati, na cusa kaina a gefenta. Katako ya yi ƙara, mutane suka yi shewa. Taubashina ya loda samari a akwatin da ke daura da namu don nauyi ya daidaita, yana cewa ko jaki aka ƙara musu ba za su kai ba.

Da ya sauko da sakata ba ta shiga ko'ina ba sai ramin ƙarshe na waje, shi ma sai da na haɗiye numfashi ya buga fegin da tafin hannu. Ta zauna daram a kan tumbina. Na dubi gefena. Tsakanin sakata da cinyar yarinyar akwai filin da ƙwarya za ta wuce ba ta taɓa komai ba. Na gani. Ni tela ne, idona awo ne, mutum ya shigo rumfata kafin ya zauna na san yadi nawa zai ci. Ba zan ce ban gani ba.

Shi ma ya gani. Ya ce in sauka, bawa, tumbina ya cinye sakatar duka bai bar wa 'yar mutane komai ba, in bari ya haɗa ta da sa'arta. Aka sake fashewa. Wani daga baya ya ce Randa ya ji tsoro ne suka haɗa baki da taubashinsa. Yarinyar ta ji ana maganar raba mu ta ƙanƙame hannuna. Sai taubashina ya matso dab da kunnena ya sake faɗa, a hankali, cewa sakatar ba ta riƙe ta ba, in sauka. Na dubi fuskarsa ina neman 'yar dariyar nan da ke ɓuya a gefen bakinsa. Ban gan ta ba. Amma ranar gobara ma ban gan ta ba. Na ce a raina so yake in sauko a gaban duk Tudun Wada, ga kalangu, a samu labarin da za a ci har babbar Salla. Sai na ɗauki hannun babbar rigata na baza a kan sakatar da cinyoyin yarinyar, filin nan ya ɓace wa ido, na zagaya hannuna a kafaɗarta na ce masa ga sakatar da ta fi tasa, ya koma gefe ya ga yadda iyayen gida ke hawa. Ya tsaya riƙe da bakin akwatin. Ya buɗe baki zai ƙara magana. Masu turawa sun gaji da jira, layi ya yi tsawo, suka tura.

Zagayen farko, ba zan ɓoye ba, daɗi ne. Na ga rufin gidaje, na ga ganuwar birni, na ga layin dogo yana walƙiya, can nesa ga dutsen Kufena. Yarinyar nan da ba ta magana ta dinga ƙyalƙyala dariya da wawulonta tana nuna mini wai ga gidanmu. Ban taɓa jin jikina babu nauyi ba sai ranar. Amma jama'a ba su zo ganin Randa yana jin daɗi ba. Suka dinga ce wa samarin su ƙara masa, su kuwa suka zage. Lilo ya ɗauki gudu. Da muka kai ƙololuwa akwatin ya yi wani irin reto saboda nauyina duk a gefe ɗaya yake, ya tuntsura gaba kamar zai zubar da mu. Ni da ban taɓa rabuwa da ƙasa fiye da bayan mota ba, sai na cire hannuna daga kafaɗarta na damƙi sakata da hannu biyu na rufe ido. Wannan ita ce maganar da na ce kada ka rage. Ban yi shawara ba, hannun ne ya tafi da kansa, amma hannuna ne.

Abin da na ji kawai shi ne santsin siliki yana zamewa a jikin rigata, kamar yadda yadi ke sulalewa daga kan keke in ka sake shi. Ko ƙara ba ta yi ba. Na kai hannu, ɗankwali na kamo. Ta bi ta ƙarƙashin sakata, ta bugi gungume, sannan ta kai ƙasa. Lilo mai gudu kuwa ba ya tsayawa don an ce ya tsaya. Sai da ya sake ɗaga ni sama, ina kallon ta a kwance a ƙasa cikin rigar da na ɗinka, ya sake sauko da ni. Da aka tsayar da shi na yunƙura in fita, sakata ta ƙi. Tumbina ya danne fegin ya cije. Abin da ya kasa riƙe 'yata ni ya riƙe ni gam, ina ihu ina dukan katako, sai da aka samo dutse aka buge shi. Kafin in fito taubashina ya riga ya saɓa ta a kafaɗa yana gudu.

Ba ta mutu ba, alhamdu lillahi. Cinya ce ta karye can sama kusa da ƙugu. Wani maɗori a cikin birni ya yi ɗori, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ta yi wata da watanni a kwance cikin karare. Da aka kwance, ƙafar ta kama amma ta gajarce. Matata ba ta yi mini kuka a fuska ba, ba ta zage ni ba. Rannan tana shafa wa yarinyar man shanu a ƙafa, ba ta ko ɗago ba, ta tambaye ni ina hannuna yake a lokacin. Na faɗa mata gaskiya. Ta ce to, ta ci gaba da shafa. Mun zauna tare har Allah ya karɓi ranta, ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

'Yan doka suka kama taubashina aka kai shi gaban alƙali. Na je na ce Allah ya gafarta Malam, mutumin nan ya ce in sauka har sau biyu, ni na ƙi. Alƙali ya tambayi waɗanda ke wurin ko sun ji gargaɗin. Kowa ya ce ya ji, amma ai wasa suke yi, taubasai ne, kullum haka suke. Cikin mutanen da suka cika fili babu ko ɗaya da ya iya rantsuwa cewa gargaɗi ne. Alƙali ya juya ga taubashina ya tambaye shi, da ya ga haɗari me ya hana shi ajiye wasa ya hana lilon tashi. Ya ce bai san yadda ake yi mini magana ba in ba haka ba. Aka sake shi, aka ce ya rushe lilon. Da hannunsa ya ɓaɓɓalle shi.

Daga ranar bai sake kirana bawa ba. Malam yake ce mini. In mun haɗu ya rusuna ya gaishe ni kamar surukinsa, ya tambayi iyali, ya wuce. Da yarinyar ta fara tashi ya kawo mata sandar dogarawa da ya sassaƙa, mara nauyi, ya naɗe kanta da tsumma. Duk shekara bayan Salla sai ya zo da igiyar awonsa, wadda da yake tsokanata da ita, ya auna ta daga hammata zuwa ƙasa, ya koma ya yi sabuwa daidai tsayinta. Ita kuwa Kawu take ce masa, tana son shi, ba ta taɓa riƙe shi da komai ba. Sau ɗaya na gwada maido da abin da. Na ce masa ya shigo da sauri kada iska ta kwashe shi a ƙofar gidana a ce ni ne. Ya dube ni ya ce Allah ya ba Malam haƙuri. Har ya koma ga Mahaliccinsa ban sake jin tsokana daga bakinsa ba. Mutanen gari kuwa ba su fasa ba. Labarin ya zama na ranar da Randa ya hau lilo, ana ba da shi a majalisa ana tafawa, an ma cire yarinyar daga ciki don kada ta ɓata dariyar. Wasu da suka fi kowa ihun a ƙara masa yanzu alhazai ne, muna haɗuwa a sahu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bayan tsawon shekarun nan shi ne, kwanan baya na je Kaduna sayen yadi na bi ta wani filin wasa. An kafa lilon ƙarfe mai inji, da fenti da fitilu, har da wani mai gudu a kan dogo yana hawa yana gangarowa. Na ga wani mutum mai irin jikina ya shiga da ɗansa ƙarami, aka sauko musu da ƙarfe ɗaya. Ƙarfen ya tsaya a kan tumbin uban, yaron yana ta motsi a sarari. Na je na ce wa saurayin da ke kula da injin ya duba. Ya ce Baba ko kai ma hawa za ka yi, a kawo sikeli. Aka yi dariya, irin dai waccan. Na bar shi na je wurin uban na faɗa masa, babu murmushi, cewa ƙarfen nan shi kaɗai ya riƙe, kuma ni na taɓa ganin ƙarshen wannan. Ya ce in kama gabana. Bai sauka ba. Amma na tsaya har aka gama, na ga hannunsa biyu a jikin yaron tun daga tashi har tsayawa. Allah ya kiyaye su. Hannu dai ba sakata ba ne, ni na sani.

Don haka ku masu ƙera irin waɗannan abubuwa da masu kula da su, Allah bai yi mutane da awo ɗaya ba. Ni da nake ɗinki ban taɓa yanka wando ɗaya na ce uba da ɗa su shiga tare ba. Ku yi wa kowa abin riƙonsa daban, ku yi wurin da mai jiki zai zauna ba tare da an tara masa jama'a ba, kuma in kun ga sarari kada ku tayar, ko wa ya ce ku tayar. Ku masu jiki irina, in an ce ku sauka ku sauka. Dariyar da na guje wa ta yini ɗaya ce, ga shi na sha ta shekara da shekaru, da ƙari a kai. Ku kuma masu dariya, ba ni da abin ce muku, ba ku taɓa jin magana ba, amma ku sani da hannunku a cikin turin lilon nan. Wanda kuma yake da abokin wasa, ya yi wasansa, al'ada ce mai kyau, ni ma har yau ita nake kewa. Sai dai ku ajiye wata kalma guda a tsakaninku wadda in an faɗe ta kowa ya san wasa ya ƙare. Ni da nawa ba mu ajiye ba.

Yarinyar tana nan, ta yi aure a Gyallesu, da 'ya'yanta. Ta daɗe da ajiye sanda, takalmi ake ƙara mata tudu a ƙafa ɗaya. Ba ta taɓa tambayata komai game da ranar ba, ta ce ita abin da take tunawa shi ne ta ga gidanmu daga sama. Takan zo gaishe ni ranar Juma'a. Ina daga cikin ɗaki nake gane ta tun tana zaure, kafin ta yi sallama, taku ɗaya mai nauyi ɗaya mara nauyi. In na ji, sai in ga hannayena sun damƙe bakin gadon da nake zaune.